Yadda Ake Nuna wa Iyaye Fim ɗin Gwajin Daskararriyar Fuska

Cikin finafinan da ke koyar da halayyar jarirai, wanda ya fi cancanta a nuna wa iyaye shi ne gajeren fim ɗin gwajin da masani Edward Tronick ya ɓullo da shi a Amurka a shekarun 1970. A cikinsa uwa tana wasa da jaririnta, sai ta daskare fuska na kusan minti 2, ba murmushi ba magana.

Kafin ka kunna, ka roƙi masu kallo su zuba wa jaririn ido. Da zarar uwar ta daskare fuska, ka riƙa tsayar da fim ɗin kana tambayar su abin da yaron yake yi, domin su lura da kansu yadda yake murmushi, yana nuni da yatsa, yana tsala ihu, har ya kau da kai yana kuka. Kada ka kashe a nan, domin sashen da uwar ta dawo ta rarrashe shi har ya lafa shi ne mafi muhimmanci, kuma in aka tsallake shi mata sukan tashi suna zargin kansu. Bayan kallo, sai a tattauna lokutan da waya ko aikin gida ke ɗauke hankalin babba daga yaro, da hanyar komawa gare shi da wuri.