Yadda zaka haɗa tsohon gem na kaset da hannunka, da inda aikin ke tsayawa

Wani ƙanina mai gyaran rediyo da talabijin ne ya tambaye ni, wai Yaya tunda gem ɗin nan na kaset da muka buga muna yara ba wani abu bane a ciki, me zai hana mutum ya haɗa nasa? Amsar ita ce eh za'a iya, amma sai ka fara sanin wane ɓangare ne hannunka zai iya yi, wane ne kuma dole ka siyo.

Abu na farko, wanda yawancinmu muka buga ɗin nan mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999999 in 1 shima ba na asali bane, kwafi ne. Na asalin shine Famicom na kamfanin Nintendo da ya fito a Japan a 1983, aka kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Cikinsa manyan IC guda biyu, wato baƙaƙen guntayen nan masu ƙafafu da yawa, su ne suke riƙe da komai, 2A03 shine ƙwaƙwalwar kuma shi ke fitar da sauti, sai 2C02 mai zana hoto, duka Ricoh ne ya ƙera su. Sauran kayan ba wani abin tsoro, RAM 2KB guda biyu, ƙananan IC irinsu 74LS139 da 74LS373, kiristal, kafasita da 7805 mai sauko da wuta zuwa 5V. Waɗannan duk mai gyara ya sansu. Matsalar tana wajen manyan biyun nan, don ba a ƙera IC a shago, masana'anta yake buƙata. Kamfanin UMC na Taiwan ne ya kwaikwaye su ya fitar da irinsu UA6527P da UA6538, daga nan kwafi ya cika duniya, a Rasha ma Dendy da ya fito a 1992 shi yara suka sani a matsayin gem, da yawansu basu taɓa ganin Nintendo na gaske ba.

Toh ni shawarata kar ka fara da injin, fara da fad, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu. Fad ɗin NES IC ɗaya ne tal a ciki, 4021, maɓallai takwas yake karantawa ya tura su ɗaya bayan ɗaya ta waya guda, wayoyin da suke aiki biyar ne kacal, wuta da ƙasa da wasu uku na sigina. Ka samo 4021 da resisto da maɓallai ka haɗa a ɗan fanel, wato allon da ake dasa kayan lantarki a kai, ka jona a tsohon gem ka gwada. In fad ya gagare ka wallahi kar ka ɓata kuɗinka a kan fanel mai IC ƙafa arba'in, ka ƙara koyon riƙe dalma tukuna.

In ka wuce nan sai babban fanel. Ba sai ka zauna kana bin layi da mita kana zanawa ba, akwai masu sha'awar abin da suka riga suka sake zana fanel ɗin NES gaba ɗaya suka sake shi kyauta a intanet, wanda aka fi sani shine OpenTendo, da manhajar KiCad ake buɗe shi. Kai dai ka tura fayil ɗin ga masu buga fanel a Chana su bugo maka, ka siyo ƙananan kayan, sai ka nemo manyan IC biyun daga mataccen inji ko kuma ka sa na UMC. Anan ne mutane suke kuka, cire IC mai ƙafa 40 daga fanel da ya shekara talatin ba wasa bane, in kayi gaggawa ka ɓalle ƙafa ɗaya shikenan ka kashe abinda ba a ƙera sabonsa. Ka tsotse dalmar kowace ƙafa tas kafin ka ɗaga, kuma a sabon fanel ka sa soket, kar ka like IC ɗin kai tsaye, don in wani abu ya ƙi ka iya cirewa ka canza. Kafin ka dasa su ma ka kunna fanel ɗin haka nan babu su, ka auna ka tabbatar 5V ne yake zuwa.

Maganar wuta kuma a kula sosai. Adaftan NES na Amurka 9V AC yake bayarwa, Famicom kuma DC yake so, kuma tsakiyar filoginsa negatif ne, in ka jona na NES a Famicom ka ƙona shi. Sannan adaftocin asali na wutar 100V ko 120V ne, tamu kuma 230V, ga NEPA da halinta.

Sai kiristal, wato abin da ke tsara saurin gudun injin, wannan wajen yana da daɗi. Na Japan da Amurka 21.477MHz ne, hoto sau 60 a daƙiƙa, irin na Dendy da yawancin waɗanda aka kawo ƙasashen da talabijin ɗinsu ke bin tsarin PAL kamar Najeriya kuma 26.60MHz, hoto sau 50. Ma'ana gem ɗin da muka buga muna yara ya fi na asali sanyin gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan ma, shi yasa in ka ji na asali yanzu sai kaga kamar ana gaggawa. IC na 60 da kiristal na 50 basa zama tare, ka zaɓi gida ɗaya ka tsaya a kai. Haka bakin kaset, na Famicom fin 60 ne na NES 72, kaset ɗin da muka saba dasu 60 ne.

Wani zai ce ai na buɗe nawa banga IC ko ɗaya ba sai wani baƙin ɗigo kamar kwalta. Eh, wannan daga baya ne aka matse injin gaba ɗaya cikin guntu ɗaya aka zuba masa baƙin gam a kai, ba abinda zaka cira daga ciki kuma in ya mutu ya mutu. Sauti ma ba daidai yake ba a da yawansu, kuma wasu kaset masu wahala irin masu ƙarin IC ɗin MMC5 a ciki basa tashi da kyau.

Wata hanyar kuma ita ce FPGA, wani irin IC ne da zaka rubuta masa yadda wayoyin cikinsa zasu haɗu sai ya rikiɗe ya zama 2A03 da 2C02 ɗin da kansa. Aikin MiSTer da Alexey Melnikov ya fara a 2017 a kan fanel ɗin DE10-Nano haka yake, kamfanin Analogue ma da farko a injinsa mai suna Nt tsofaffin IC na Famicom ya dinga cirowa, daga baya a Nt mini ya koma FPGA. Yana da tsada in ka juya dala zuwa naira, amma akwai ƙaramin Tang Nano 20K da yake ɗaukar NES, kuma ba sai ka iya Verilog, yaren da ake rubuta wa FPGA, ba in lodawa kawai zakayi. Raspberry Pi da RetroPie kuma wannan kwamfuta ce take kwaikwayo da manhaja, yana aiki lafiya amma dai baka kwafi injin ba.

Da zarar ka haura zuwa Mega Drive na Sega na 1988 abin ya fara nauyi, ƙwaƙwalwa biyu ne, 68000 da Z80, ga YM2612 na sauti ga IC ɗin hoto na Sega su kaɗai. PlayStation na 1994 kuwa ka manta da dalma, sai FPGA, kuma yana buƙatar BIOS, wato manhajar da ke tada injin, wanda mallakin Sony ne har gobe. Famicom ya fi sauƙi ta nan don ba BIOS a cikinsa kuma lasisin ƙirar ya ƙare tuntuni shi yasa ake saida kwafinsa a fili, amma su wasannin da sunan Nintendo har yanzu da mai su, in don saidawa kake yi kar ka loda su ciki.

Shi ƙanin nawa ma ashe duk don bindigar harbin agwagwa yake wannan tambayar, sai nace masa to ka nemi tsohuwar talabijin mai ƙeya ka ajiye tun yanzu, don bindigar hasken gilashin take karantawa a daidai lokacin da aka ja kunama, a kan filasma ko LCD ko agwagwa ɗaya bazaka samu ba.