Yadda mai cutar soriyasis zai sha magani ba tare da ya tauye haihuwarsa ba

Soriyasis ba makero ba ce, ba kirci ba ce, ba kuma kuturta ba, ko da yake a nan Katsina da waɗannan sunayen ake yawan jifan mai ita. Garkuwar jiki ce ke ingiza fata ta riƙa yin sabon ɓawo da gaggawa, ya taru ya yi kauri a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai da ƙugu. A baƙar fata ba ta cika yin ja ba, duhu take yi da ɓawo mai toka-toka, hunturu na kamawa ta hau tsagewa. Ba a ɗaukarta daga wani. In man shafawa ya gaza, ko ta sauka a gaɓoɓi, likita kan koma ga ƙwaya ko allura mai bin jiki gaba ɗaya. Daga nan mai neman haihuwa ke buƙatar tsari.

Da farko, ka faɗa kafin a rubuta maka magani. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ne, ko a babban asibitin Daura, layi na da tsawo, likita na iya duba fatar bai tambayi zancen iyali ba. Kai za ka ɗauko shi: "Likita, ina da iyali, muna neman haihuwa," ko "an sa min rana bayan salla." Mai mata biyu ko uku ya faɗi haka, domin tsarin ya shafi kowace ɗaya.

Na biyu, a gwada maniyyi tun ba ka haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. Wannan ne matakin da maza suka fi gudu, shi ne kuma ya fi amfani. Ita kanta cutar, da ƙiba da taba, suna iya raunana maniyyi, don haka in ba a san yadda kake da farko ba, gobe za a ɗora wa magani laifin da ba nasa ba, ko a ɗora wa matarka, abin da aka fi yi. Za ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka zuba a kwalbar da ɗakin gwaji ya ba ka, ka sa ta a aljihun ciki kusa da jiki, ka kai cikin awa ɗaya. Ban da kwaroron roba na kanti, yana kashe ƙwayoyin maniyyin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa. In ka yi zazzaɓi mai zafi kwanan nan, sakamakon zai iya faɗuwa, sai a maimaita. A kuma tsara gwajin ba da rana cikin azumi ba.

Na uku, ka san sunan abin da kake sha yadda yake a jikin kwali. Methotrexate shi aka fi rubutawa saboda sauƙin kuɗi. Sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba, tare da folic acid. An ga mazan da ya rage wa ƙwayoyin maniyyi, suka dawo bayan an daina. Takardar cikin kwalin tana cewa namiji ya guji yin ciki yana shansa, har wata 3 bayan dainawa, wasu takardun ma 6. Binciken baya-bayan nan bai nuna ƙaruwar naƙasa ga 'ya'yan mazan da ke shan ƙaramin awo ba, shi ya sa wasu likitoci ke barin mutum a kai. A ganina, wanda cutarsa ta lafa bai yi asarar komai ba in ya jira.

Sulfasalazine, da ake bayarwa in gaɓoɓi sun kumbura, shi ne wanda aka tabbatar yana rage yawan maniyyi da kuzarinsa, amma yana gyaruwa wata 2 zuwa 3 bayan an bari. Ciclosporin ƙoda da hawan jini ake sa wa ido a kansa, ba haihuwa ba. Acitretin kuwa haɗarinsa ga mace ne: wadda ta sha bai kamata ta ɗauki ciki ba sai bayan shekara 3 da dainawa. Ka kulle shi inda hannun uwargida ba zai kai ba in ƙaiƙayi ya dame ta, kada kuma ka ba da jini. Allurai irin su adalimumab da etanercept ba a ga suna cutar da maniyyi ba, sai dai tsada, da gwajin tarin fuka da ciwon hanta kafin farawa, da firjin da ba a ɗauke masa wuta.

Na huɗu, ka ƙirga da wata uku. Ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, saboda haka duk canjin magani ba a ganin tasirinsa kafin nan. Kada ka yanke magani da kanka. Cutar kan dawo da ƙarfi. Likita ne zai sauya maka da wani, ko ya riƙe ka da man shafawa har lokacin ya wuce, sannan a sake gwaji.

Sai abubuwan kemis. Septrin da methotrexate ba sa haɗuwa, suna iya durƙusar da ɓargon da ke yin jini, ka gaya wa duk mai ba ka maganin gudawa ko tari. Dexamethasone da prednisolone kan share fata a 'yan kwanaki, amma ana dainawa tana iya fitowa da ƙuraje masu ruwa. Allurar testosterone da ake yi wa maza da sunan ƙarin ƙarfi tana tsayar da yin maniyyi. In an shekara ana nema ba a samu ba, ku je asibiti tare da maiɗakinka, ka riƙe kwalayen magungunanka da takardar gwajin farko.