Kurakuran da ake yi wajen auna tasirin binciken masanin halayyar ɗan'adam

Wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma na jami'a, ko ɗalibin da ke neman malamin da zai duba masa aikin digirin digirgir, ya san yadda ake yi: a buɗe shafin malami a Google Scholar, a leƙa lamba biyu, wato yawan ambato (sau nawa wasu masana suka kawo aikinsa a rubutunsu) da ma'aunin h, a yanke hukunci. A fannin halayyar ɗan'adam, musamman reshen da ke nazarin zamantakewa da wuraren aiki, wannan garajen ya sha kai mutane ya baro.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar yawan ambato a matsayin shaidar cewa bincike gaskiya ne. Ambato dai yana nuna an yi zancen aikin, ko da kuwa sukarsa aka yi. A 1998 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da ya ce ƙarfin kame kai yana raguwa idan aka yi amfani da shi, kamar yadda damtse ke gajiya. Dubban maƙalu suka ambace shi. Da ɗakunan gwaji 23 suka haɗu suka maimaita shi a 2016, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Shekara guda kafin nan, ayarin da Brian Nosek ya jagoranta ya sake gwaje-gwaje 100 na fannin, kimanin kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi, kuma reshen zamantakewa ne ya fi shan kashi. Saboda haka ka ɗauki maƙalu uku ko huɗu da malamin ya fi shahara da su, ka binciko ko wasu sun maimaita aikin da abin da suka samu.

Ka kuma duba ko an janye wani abu. Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan tauraro ne har 2011, lokacin da asirinsa ya tonu cewa ƙirƙirar alƙaluma yake yi, aka janye maƙalunsa fiye da 50. Abin takaici, janyewa ba ta goge ambaton da aka riga aka tara, wasu ma kan ci gaba da ambaton maƙalar ba su san ta mutu ba. Shafin Retraction Watch yana da rumbun irin waɗannan.

Sai ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziks, ya kawo a 2005. Idan an ce h ɗin mutum 20 ne, yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lambar ba ta sauka, hawa kawai take yi da shekaru, don haka jera mai shekara biyar a aiki da mai shekara talatin zalunci ne. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba lambar da shekarun da mutum ya yi yana wallafawa. Kuma h ɗin Google Scholar yakan ɗara na Scopus da Web of Science, wasu rumbunan maƙalu biyu, domin shi har littattafai da kundayen digiri yake ƙirgawa. In za ka kawo lamba, faɗi inda ka samo ta da ranar. Ka cire ambaton da malamin ya yi wa kansa, ka tabbatar da lambar ORCID, wato lambar shaidar da ke bambanta mai bincike da saura, cewa ba a cusa masa aikin takwaransa ba.

Akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Maƙalun da ke koyar da dabarun bincike sun fi kowa kwasar ambato: ta Baron da Kenny ta 1986, da ta Podsakoff da abokansa ta 2003, kowacce an ambace ta sau dubun dubata. Ba raini ba ne, aiki ne mai amfani, amma yawanci a layi ɗaya ake jefa sunansu don a kare hanyar lissafi. Wannan daban yake da ra'ayin da ya sauya tunanin fanni, irin na Tajfel da Turner kan yadda mutum ke ganin kansa ta fuskar rukunin da yake ciki.

Darajar mujalla kuwa ta mujalla ce. Ma'aunin darajar mujalla (impact factor) da Eugene Garfield ya ƙirƙiro matsakaicin ambaton maƙalunta ne na shekara biyu, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta yi kira da a daina auna mutum da shi.

Ga masanin wuraren aiki, wani babban kaso na tasirinsa ba ya shiga kowane rumbu. Amy Edmondson ta Harvard ta nuna a 1999 cewa ma'aikatan da ba sa tsoron faɗin kuskurensu sun fi koyo, daga baya binciken da Google ya yi kan ma'aikatansa ya sa wannan a sahun gaba. Manajan da ya sauya salon taronsa saboda wannan ba zai rubuta maƙala ba. Sai ka bi sawu da kanka: takardun horar da ma'aikata, tambayoyin ɗaukar aiki, rahotannin hukumomi, da ɗaliban da malamin ya yaye da inda suke aiki yanzu.