Yadda ake ƙara tsawon wayar balas ɗin fitilar metal halide ta tankin kifi

Masu kiwon kifin ado da murjani a tankin gilashi sukan so su nisanta balas, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan fitilar tankin, daga tankin, saboda balas ɗin yana ɗaukar zafi, kuma tururin ruwan gishiri yana cin ƙarfensa. Balas ɗin nan, wanda masu gyaran wuta suke kira cok, yana da waya biyu: wadda ke zuwa daga soket, da wadda ke tafiya zuwa ƙwan fitila. Babban haɗarin aikin yana ga wayar da ke zuwa ƙwan.

Da farko a cire filogi daga soket, a bar fitilar ta huce. Balas iri biyu ne, na maganaɗisu da na lantarki; na maganaɗisu yana da kafasita da kan riƙe wuta bayan an kashe, don haka sai an auna da mita an tabbatar babu sauran caji kafin hannu ya taɓa waya. A karanta rubutun da ke jikin balas ɗin, domin na Amurka yawanci volt 120 ne a kan hertz 60, alhali wutar Najeriya da Nijar da Ghana wajen volt 230 ce a kan hertz 50.

Daga nan a yanke shawarar wayar da za a ƙara. A ganina, duk inda ya yiwu, ta soket ce ya kamata a tsawaita, domin wutar gida ce kawai ke bi ta cikinta, kuma waya mai jijiya uku mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta wadatar wa fitila mai wat 250 ko 400. Wayar ƙwai kuwa wani abu ne daban. Yawancin waɗannan ƙwayaye suna kamawa ne da bugun wuta mai kaiwa volt 3,000 zuwa 5,000 daga na'urar kunnawa, kuma doguwar waya tana shanye ƙarfin bugun, sai ƙwan ya ƙi kamawa, na'urar ta yi ta bugawa har ta lalace ko rufin wayar ya huje. Saboda haka kamfanoni suke rubuta iyakar nisan da aka yarda tsakanin balas da ƙwai, kuma wannan iyaka ba ta ƙetaruwa, musamman a balas na lantarki. Idan na maganaɗisu ne mai na'urar kunnawa daban irin wadda ake sa wa dab da fitila, to a bar ta kusa da ƙwan, balas ɗin kaɗai a matsar.

In har dole ne a tsawaita wayar ƙwai, a nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jure bugun kunnawa, kuma ɓangaren da ke shiga gidan fitila ya kasance mai rufin silikon mai jure zafi. Ya fi kyau a sauya wayar gaba ɗaya da guda mara gaɓa. Idan gaɓa ta zama dole, a haɗa da maƙalai masu noti cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a ɗaure shi sama da tanki ko gefe nesa da feshin ruwa. Murɗa waya da naɗa salatif ba ya isa a nan, domin gishiri yana rarrafowa ta ƙaramar kafa, kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa.

A haɗa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ga jikin balas da gidan fitila duka biyun. A bar kowace waya ta sauko ƙasa da soket kafin ta sake hawa, don ɗigon ruwa ya faɗi a lanƙwasar. Layin kuma ya bi ta na'urar RCD mai yanke wuta da zarar wutar da ke zurarewa ta kai miliamfiya 30, saboda mai tanki kullum hannunsa yana cikin ruwa.

A ƙarshe a mayar da gilashin kariya, wanda wajibi ne ga ƙwai mai baki biyu, wato wanda ake haɗa shi da wuta ta ƙarshensa biyu, saboda hasken ultraviolet, sannan a kunna. Ƙwan zai ɗauki 'yan mintuna kafin ya cika haske, kuma idan aka kashe shi yana buƙatar kamar minti 10 zuwa 15 ya huce kafin ya sake kamawa. Idan aka ji ƙarar tartsatsi ko ƙaurin roba, a cire filogi nan take a kira ƙwararren mai gyaran wuta.