Kurakuran da muke yi da kalmar traffic, da yadda za a gyara su

Wata ranar Litinin da la'asar ina cikin keke napep a shataletalen Wunti, hanya ta cushe, masu fitowa daga kasuwa da masu tashi daga aiki duk sun haɗe wuri guda. Wayar wani matashi da ke gefena ta yi ƙara, ya ɗauka ya ce, "Yaya, yi haƙuri, ina tarafik." Da alama yayan bai fahimta ba, don sai na ji yaron ya ƙara da cewa, "A'a, ba kama ni suka yi ba, gosulo ne." Maganar ta tsaya mini a rai. Na daɗe ina duba fassarar labarai daga Turanci zuwa Hausa a nan Bauchi, kuma da wuya mako ya wuce ban ga kalmar traffic ta kayar da wani ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne da zarar mai fassara ya hango kalmar, sai ya rubuta "cunkoso". Bature idan ya ce traffic a kan hanya, motoci da babura da ke kai da komo yake nufi, ko suna da yawa ko 'yan tsiraru ne, ko suna gudu ko sun tsaya. Wannan zirga-zirgar ababen hawa ke nan. Sai an ga kalmar jam ko congestion a tare da ita, ko kuma zancen ya nuna hanya ta toshe, sannan cunkoso ya zo.

Bambancin ba na ado ba ne. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, an kawo mini wata fassara da ke cewa "cunkoso ya ragu a hanyar Bauchi zuwa Jos". Duk wanda ya ji haka zai ce madalla, hanya ta samu. Alhali labarin na ƙunci ne: direbobi sun jingine motoci saboda tsadar mai, fasinja ya yi ƙaranci, masu sayar da abinci da kayan gwari a bakin titi a Nabordo da Magama suna zaman jiran masu tsayawa. Abin da ya kamata a ce shi ne "zirga-zirgar motoci ta ragu". Kalma ɗaya ta mayar da kuka guɗa.

Ita kuwa "tarafik" da muke faɗi a bakin titi, ba ni da ja da ita, ta zama tamu. Matsalarta dai ta ɗauki kaya da yawa: mutum ne mai ba da hannu, fitila ce, gosulo ne. A hira za a iya sake tambaya, kamar yadda yayan matashin nan ya yi. A rubutu babu wanda za a tambaya, saboda haka a kira kowane abu da sunansa. Fitilar nan mai ja da ruwan ɗorawa da kore danja ce. Mai tsayawa a mararraba, mai ba da hannu ne. A kuma daina cusa duk mai kaki a kwando ɗaya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tarayya ce. BAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ta jihar Bauchi ce. 'Yan sanda kuma suna da nasu sashen. Idan ka rubuta "'yan tarafik sun kama motoci", mai motar bai san ofishin da zai nufa ba.

Ɗalibai kuma su lura da trafficate. Turancinmu ne na Najeriya, kuma yana da asali, domin tsofaffin motocin Ingila suna da wani ɗan hannu mai fitila da ke miƙewa daga jikin mota idan za a sha kwana, sunansa trafficator. Motocin sun shuɗe, kalmar ta zauna a wurinmu. A takardar jarrabawa ko wasiƙar da za ta ƙetare, indicate ko signal za a rubuta. Da Hausa kuwa "sa sigina" ta wadatar.

Wanda ya san tushen kalmar ba zai yi mamakin sauran ma'anoninta ba. Ta shigo Turanci a farkon ƙarni na 16 daga bakin Faransawa da Italiyawa, kuma a lokacin ciniki take nufi, wato kai haja daga gari zuwa gari. Maganar ababen hawa sai a ƙarni na 19 ta biyo baya. Mu ma muna da irinta. Safara da fatauci sana'o'i ne na mutunci. Da su kakanninmu suka yi ta kora jakuna a ayari, madugu na gaba, har Gwanja don sayo goro. Yau idan rediyo ta ce "safara", kunne yana jiran ya ji ƙwaya ko makamai ko mutane. Shi ya sa nake hana a rubuta "safarar fasinja" ko "safarar maniyyata". Wannan sufuri ne, ko jigila. Kamfanin da ke kai mutane Kano da Abuja harkar sufuri yake yi, kuma idan ka kira shi mai safarar mutane ka ɗora masa babban laifi ba tare da ka sani ba.

Inda na fi jin zafin kuskure shi ne kan trafficking, musamman na bil Adama, don a nan rayuwar mutane ce a ciki. Da yawa suna gauraya shi da smuggling, su kira duka biyun "safarar mutane". Dokar duniya ta raba su tun a yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000. Saurayin da ya sayar da babur ɗinsa, ya biya wani ya tsallaka da shi Agadas zuwa Libiya ba takardu, da yardarsa, fasa-ƙwaurinsa aka yi. Da an isa, ciniki ya ƙare. Safarar mutane kuwa tana da ƙafa uku: a ɗauko mutum ko a karɓe shi ko a ɓoye shi, a yi hakan da yaudara ko barazana ko tilas, sannan manufar ta zama ci da guminsa ko da jikinsa. Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar yaudara ko tilas, kuma yardarsa ba hujja ba ce. Wani lokaci abin kan fara da na farko ya ƙare da na biyu, idan wanda ya biya kuɗin hanya ya wayi gari an tsare shi ana sayar da shi.

Akwai kuma zaton cewa sai an haura iyakar ƙasa. Ba haka ba ne. Yarinya 'yar shekara 10 da wata dillaliya ta ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, ta ajiye ta a wani gida a cikin gari tana wanke-wanke da shara tun asuba, ƙarshen wata kuɗin ya faɗa hannun dillaliyar, ba ta ko bar jiharta ba, amma abin da aka yi mata ya shiga ƙarƙashin wannan suna. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, aikinta ke nan, kuma dokarta ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Idan muka ci gaba da nuna wa masu sauraro cewa safara sai a sahara da teku, uwar yarinyar nan ba za ta taɓa gane cewa da 'yarta ake ba.

Haka a ɓangaren ƙwaya. Mai sha daban, ƙaramin dila daban, mai safara daban. Kada a ce NDLEA ta kama "masu safara" alhali mashaya ta kwaso a bayan tasha. Shinkafar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya kuwa sumoga ce, aikin kwastan.

Sai masu shafukan intanet. Wani ƙanena da ke tallan huluna da yadi ya taɓa ce mini, "Yaya, shafina ba tarafik." Na tambaye shi abin da yake nema, sai ya ce masu leƙowa. To sunan ke nan: masu ziyara, ko yawan masu shiga shafi. A nan yawa alheri ne, kamar shagon da ƙafa ba ta ɗaukewa a kasuwar Muda Lawal, don haka "cunkoso" ba ta dace ba. Wurinta shi ne ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, dubban ɗalibai suka afka wa shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Na kuma gargaɗe shi da masu cewa a biya su kawo maziyarta dubu goma a dare ɗaya. Galibi na'ura ce ke danne-danne, ba za ta sayi hula ba, kuma Google kan rufe asusun talla idan ya gano ziyarar bogi.

Air traffic ba ta da wuya. Mutanen da ke hasumiyar filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa masu kula da zirga-zirgar jiragen sama ne, ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ba "masu hana cunkoson sama" ba, kamar yadda na taɓa gani.

Ga masu koyon aiki a wurina, kafin su taɓa biro nakan sa su amsa mini da baki: mene ne yake tafiya a jimlar nan, mota ce, haja ce, mutum ne ko bayanai? Tafiya yake ko ya maƙale? Akwai wanda ake cuta? A makon jiya wata ɗaliba ta kawo mini kanun labari da ta rubuta "an kama wata mata da laifin cunkoson yara". Na ce, "Karanta da ƙarfi." Tana kaiwa tsakiya ta tsaya, ta ce, "Malam, ai sayar da su za ta yi." Ta soke, ta rubuta "safarar yara".