Katin mamba ba tikiti ba ne: yadda sabon zuwa zai shiga filin ƙwallo a Turai

Da wuya mai goyon bayan Arsenal ko Manchester United ko Liverpool ya yi wata guda a Ingila bai fara tambayar yadda zai shiga fili ya ga 'yan wasa ido da ido ba. Amsar da aka saba ba shi ita ce ya je ya yanki katin mamba. Ba ƙarya aka faɗa masa ba, sai dai ba a ƙarasa zancen ba. Katin izinin shiga layi ne kawai, kuma layin dogo ne.

Lissafin kujeru ne ya kawo haka. Filin Emirates na Arsenal yana ɗaukar mutum 60,000 da 'yan kai, Anfield na Liverpool wajen 61,000, Old Trafford na Manchester United kuwa wajen 74,000. Kaso mafi tsoka na masu tikitin kaka ne, waɗanda suka biya kuɗin wasannin gida 19 na gasar Firimiya tun kafin a take leda, kuma duk shekara sabuntawa suke yi, ba sa saki. Mai neman irin wannan tikiti a manyan kulob sai ya shekara da shekaru yana jira. A cire kason magoya bayan baƙi, wanda a manyan filaye kujeru 3,000 ne, a cire na ɗakunan alfarma da na kamfanoni masu ɗaukar nauyi. Ɗan abin da ya rage shi ne mambobi ke rububi a kai, su kuwa sun ninka kujerun sau da yawa.

Hanya biyu ake rabon. Wani kulob yakan sa rana da lokaci, a buɗe sayarwa a shafinsa, mai rabo ka ɗauka. Cikin 'yan mintuna an share. Wani kuma, kamar Arsenal, ƙuri'a yake jefawa: ka shigar da sunanka a wasan da kake so, ka jira sakamako. A nan ka kula, in ƙuri'a ta faɗo kanka nan take ake zare kuɗin daga katin bankinka, don haka kada ka shiga wasa huɗu a lokaci guda alhali kuɗin ɗaya gare ka. Mambobin ma hawa-hawa ne. A Arsenal sabon shiga daga matakin Red yake farawa, Silver na gaba da shi, kuma kafin mutum ya kai can ya ga shekaru.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da kan ci wa sabon zuwa kuɗi a banza. A yawancin manyan kulob kowane mai shiga fili sai da katinsa, har yaro. In da iyali ko abokai za ka je, kowa ya yanki nasa, sannan ku haɗa asusunku a shafin kulob don ku nemi kujeru jere. Katin yana tafiya ne da kakar wasa, ba ya ƙirga wata goma sha biyu daga ranar da ka saya, saboda haka wanda ya yanka a watan Maris ya biya kuɗin shekara ne don wasanni ƙalilan. Kuma sau da yawa shi yake sabunta kansa, sai dai ka ga an ciri kuɗi a tsakiyar hutu. Tun ranar farko ka duba wannan ka kashe shi in ba ka so.

A ganina, ƙofar da ta fi amfanar mai kallon lokaci-lokaci ita ce kasuwar musayar tikiti ta kulob ɗin kansa. Mai tikitin kaka da ba zai samu zuwa wani wasa ba yakan mayar da kujerarsa, kulob ya sayar wa mambobi a kan farashin da ya ƙayyade. Kujerun sukan fito ɗaya-ɗaya, musamman kwana biyu ko uku kafin wasa, har ma da safiyar ranar. Wanda ya yarda ya zauna shi kaɗai, kuma yana da haƙurin leƙa shafin a kai a kai, ya fi samun shiga ta nan fiye da ta ƙuri'a. In da wani dalili ɗaya da zai sa a yanki katin, to wannan ne.

Kada kuma ka fara da babban wasa. Ana raba wasanni rukuni-rukuni bisa girman abokin karawa, farashi da cunkoso suna bin rukunin. Karawar Arsenal da Tottenham ko Liverpool da Manchester United ba ta sabon mamba ba ce. Wasu kulob ma ba sa sayar da tikitin irin wannan rana sai ga wanda tarihin sayayyarsa ya nuna ya saba zuwa. Ka nemi zagayen farko-farko na kofin Carabao da ake bugawa da daddare a tsakiyar mako, ko wasan kofin FA da ƙaramin kulob. Sun fi arha, sun fi samuwa, kuma da su ake tara tarihin. Wasannin mata ma kada ka raina: a watan Fabrairun 2024 mutum 60,160 ne suka kalli matan Arsenal da na Manchester United a Emirates, kuma irin waɗannan tikiti galibi kowa na iya saya ba tare da kati ba.

Sai maganar 'yan kasuwar bayan fage. Tun 1994 doka a Ingila da Wales ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba. Yanzu da manyan kulob suka koma tikitin waya, wanda ake karawa a jikin na'urar ƙofa, hoton tikiti da wani ya turo maka ta WhatsApp ba ya buɗe komai. Ka biya ninkin-ba-ninkin, ka tsaya a waje, ba wanda za ka kai wa ƙara. Haka nan kada ka ara wa kowa asusunka don zumunci. In ya sayar da tikitin aka gano, sunanka za a soke. Mai kuɗi da ke son babban wasa ko ta halin ƙaƙa, gara ya sayi kujerar alfarma daga kulob ɗin kai tsaye. Da tsada, amma ba ta buƙatar kati.

In ka samu shiga, ka san ɓangaren da kake. Tikitin mamba na ɓangaren masu gida ne. Sa rigar abokan hamayya ko yin tsalle don baƙi sun ci ƙwallo ya isa masu tsaro su fitar da kai. Tikitin bin kulob zuwa filin abokan hamayya a gasar Firimiya kuwa, duk da an tsayar da farashinsa a kan fam 30 tun 2016, kusan duka yana tafiya ga tsofaffin hannu. Kada kuma ka sayi tikitin jirgin ƙasa sai an tabbatar da ranar wasa, don gidajen talabijin kan sa a matsar da shi daga Asabar zuwa Lahadi ko Litinin.

Manyan matakai huɗu na gasar ƙwallon Ingila kulob 92 ne, kuma mafi yawansu ba sa neman kati. A Landan kaɗai akwai QPR da Charlton da Leyton Orient, inda za ka sayi tikiti cikin makon wasa ka shiga. Tunda ba a nuna wasan ƙarfe uku na ranar Asabar kai tsaye a talabijin ɗin Birtaniya, zuwa filin unguwa ya fi zaman gida.

A sauran ƙasashe ma'anar mamba daban take. A Jamus, bisa dokar 50+1 ta 1998, mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a mafi yawan kulob, wato katinka na zaɓe ne. Amma a Dortmund, inda fili ke ɗaukar mutum 81,365, ko a Bayern Munich, bai ba ka tabbacin kujera ba. Ka duba jikin tikitin, kulob da dama sun haɗa kuɗin bas da jirgin cikin gari na ranar wasa a ciki. A Sifaniya mambobi ne suka mallaki Real Madrid da Barcelona da Athletic Bilbao da Osasuna, sai dai zama cikakken mamban Real Madrid kusan gado ne. Baƙo katin Madridista yake samu, wanda ke sa shi bayan mambobi a layi. A Italiya kuwa tun 2005 ake buga sunan mai tikiti a jiki, a kuma gwada shi da takardar shaida a bakin ƙofa. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, ka tafi da fasfon ko katin zamanka.