Jakar golf ta rataya: abun da za ka duba kafin ka zaro kuɗi

Mafi yawan masu neman jaka mara nauyi lambar da aka rubuta jikin takarda kawai suke kallo, suna ganin kilo ɗaya da rabi sai su ce shikenan an samu. To ba a nan gizo yake saƙa ba. Jakar da babu komai a cikinta ba ita za ka ɗauka ba. Dokar wasa ta yarda da sanduna har 14, su kaɗai sun kai kilo biyar zuwa shida, ƙwallo ɗaya giram 45 ne da ɗan ɗoriya, dozin ɗaya ya wuce rabin kilo kenan, sai ruwa wanda kowace lita kilo guda ce, kuma duk wanda ya san ranar Katsina a watan Afrilu ya san lita ɗaya ba ta kai mutum rami na tara. Kafin ka ankara kilo goma ne a bayanka, ga tafiyar rami 18 da ba ta kasa kilomita bakwai in aka haɗa da neman ƙwallon da ta faɗa ciyawa. Rabin kilon da kake ta ciniki a kai ba shi zai cece ka ba, madauri ne.

Duk da haka ka san ajin da kake nema. Mai ƙafa biyu wadda take tsayuwa da kanta in ka aje, yawanci tsakanin kilo ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi. Akwai siririya da ake ce ma Sunday bag, wata ko kilo ɗaya ba ta kai ba amma sanda shida ko bakwai ne za su zauna a ciki lafiya. Sai manyan nan na ɗorawa a keken jan jaka da irin wadda ƙwararru suke amfani da ita a talabijin mai kusan kilo biyar, su dai ka bar su a inda ka gan su, ba don kafaɗa aka yi su ba duk kyansu. In kayan Amurka ne za ka ga an rubuta lb, fam kenan, fam ɗaya giram 454, wato mai fam 4 ba ta kai kilo biyu ba.

Yanzu maganar madauri. Ya zama biyu ne, mai shiga kafaɗa biyu irin na jakar ƴan makaranta, mai guda ɗaya tana karkatar da mutum gefe ɗaya kuma da daddare ƙugu zai gaya maka. Ka matsa soson da yatsa, in ya lotse ya ƙi tasowa to ya mutu. Ka duba inda aka ɗinka madaurin da jikin jakar don nan ne yake fara tsinkewa, sannan ka duba ko akwai ɗan matashi a gefen da yake taɓa ƙugu. Kuma dan Allah kada ka gwada ta wayam a shago, ka zo da sandunanka ka zuba, ka rataya, ka zaga sau biyu uku. Wadda ta dace za ta kwanta a ƙasan bayanka bakinta ya ɗan ɗaga sama, ba ta dukan bayan cinya, sanduna ba sa zamewa in ka sunkuya ɗaukar ti, wato ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai. In mai shago ya ɓata rai don ka gwada to ka wuce gaba, ai ba a sayen doki a ɗaure.

Na san wani zai ce ai ni kadi, wato yaron da ke bin ɗan wasa da jaka, ke ɗaukar min. Gaskiya ne, a filayenmu na Arewa da wuya ka ga babban mutum da jaka a baya. Amma yaron nan shi ma kafaɗa gare shi, wani ma a rana ɗaya zai zaga da mutum biyu, ka ba shi jibgegiyar jaka cike da tsoffin ƙwallaye da takalmi da lema sannan kana masa faɗa ya yi sauri, wannan ba daidai ba ne. In shi zai riƙa ɗauka ka sa a daidaita madaurin da tsayinsa ba naka ba.

Ƙafafu kuma ka buɗe ka rufe su sau da yawa, su fita da kansu in ka dangwarar da gindin jakar, su koma su lafe in ka ɗaga, wadda ƙafarta ke lilo za ta dinga harɗe ka. Kamfanin Sun Mountain ne ya yi suna da irin wannan tun shekarun 1980, Ping suna da Hoofer da ta daɗe a kasuwa, Titleist da Callaway duk suna yi. Sai dai ƙasarmu a rani tauri gare ta, wani wurin kuma rairayi, don haka ka duba robar ƙarshen ƙafar tana nan, in babu ko dai ta zame ko ta nutse. Bakin jaka mai gida huɗu ko biyar ya isa, mai 14 tana ƙara nauyi ne kawai, abun dubawa shi ne ka zura hannu ka ji ko rabon ya sauka har ƙasa, in a sama ya tsaya mariƙan sanduna za su riƙa cakuɗewa sai ka yi ta ja.

Abun da masu rubutu daga Turai ba za su gaya maka ba shi ne ƙura. Su ruwan sama ne damuwarsu, mu kuwa hunturu ne ke cin zif, ƙurar ta shiga haƙoransa ya fara cijewa daga nan sai ya buɗe ta baya. Nemi mai zif manya kuma aljihu kada ya wuce biyar, kowane aljihu zif ne da zai lalace wata rana, kuma wurin tara tarkace ne. Ka riƙa goge zif ɗin da tsohon buroshin haƙori ka goga masa kyandir, kada ka sa mai, mai ƙura yake kamawa. Irin yadin nan mai shara-shara da ake yi don rage nauyi sosai ƙaya na yaga shi, soso mai raga-raga kuma ƙarangiya ke maƙalewa a ciki bayan damina. Baƙar jaka tana ɗaukar zafi, fara ba ta jimre jar ƙasa, ni dai toka-toka nake zaɓa. Kada ka bar ta kwana da kwanaki a but ɗin mota, zafi na narkar da gam ya busar da roba.

Sabuwa sai dai a yo maka oda ko ka nema wajen shagunan kulob a Abuja ko Kaduna, yawancinmu gwanjo muke saye kuma ba laifi. Zif da ɗinki shumeka zai gyara maka da kuɗi kaɗan, don haka su abun rage farashi ne kawai. Amma in roban gindin ya tsage ko ƙarfen da ke tura ƙafafu ya karye, ko a kyauta ne ka bari, da wuya a samu kayan gyaransu a nan. Ka kuma tambayi hular rufe sanduna, ƴan gwanjo suna yawan sayar da jaka babu ita, ga shi a wurinmu ta fi aiki a watan Janairu fiye da Agusta.